Kibiyar Yaya

"Auta, zo ka danna mini."

Da za a ce in zaɓi magana ɗaya da ta fi zauna mini a kunne daga ƙuruciyata a Tarai, to wannan ce. Ina tsakar gida ina cin tuwo zan ji ta, muna langa a ƙofar gida zan ji ta, wani lokacin har barci ya fara fizgata. Sai in miƙe in shiga shagon Yaya da ke jikin zaure, in tarar da shi a kan tabarma ya tanƙwashe ƙafa, kwamfuta a gabansa kan wani gajeren teburi da kafinta ya yi masa, abin sauraro a kunne ɗaya, ɗaya kunnen kuma ya bar shi a buɗe don jin takuna. In kama maus, in ja 'yar farar kibiyar nan zuwa kan wani koren maɓalli, in danna. Duka aikin bai fi daƙiƙa uku ba. Ya ce, "Allah ya yi albarka, Autan Bawo," in koma ga abin da nake yi.

Autan Bawo kirarin Sarkin Rano ne, mu kuwa a ƙasar Rano muke, ni ne kuma auta a ɗakinmu, shi ya sa Yaya ya ara mini shi. Ƙaramar hukumarmu sunanta Kibiya. Abin nan da ke yawo a fuskar kwamfuta shi ma kibiya muke ce masa. Na taɓa jin Yaya yana gaya wa wani abokinsa a waya, ba da wasa ba, cewa shi ɗan Kibiya ne gaba da baya, amma akwai kibiya ɗaya da ta gagare shi.

Ƙyanda ce ta tafi da idanunsa yana ɗan shekara biyar, tun kafin a haife ni. Inna ta ce sai da aka kai shi har asibitin ido na ECWA a Kano, likita ya duba ya ce aikin gama ya gama. A wancan lokacin hanya ɗaya aka shimfiɗa wa yaro makaho a garuruwanmu: sanda, ƙoƙo da ɗan jagora. Baba ya ce ba da ɗansa ba. Ya ɗauke shi ya kai shi makarantar Tudun Maliki a cikin Kano, inda ake koyar da makafi da kurame. A can ya koyi rubutun ɗigo shida da Bafaranshen nan Louis Braille ya tsara. Idan ya zo hutu nakan zauna kusa da shi ina kallon yadda yake danne takarda mai kauri a cikin allonsa, yana huda ta da ɗan tsinken ƙarfe daga dama zuwa hagu kamar mai rubuta ajami, sannan ya kifa ta ya bi da yatsa daga hagu zuwa dama. A can kuma ya koyi tafireta, har yatsunsa suka haddace mazaunin kowane harafi.

Ni ne ɗan jagoransa, haka mutanen gari suka san ni. Amma gaskiyar magana, a cikin Tarai sunan kawai nake amsawa. Yaya ya fi ni sanin garin. Ya san ƙarar injin niƙa tana nufin saura taku kaza a karya kwana, ya san inda yashi ke ƙarewa a hau tsandauri, ya san ƙamshin tukubar mai tsire yana hannun dama idan an nufi masallacin Juma'a. Inda nake da amfani shi ne tashar Rano, ranar da za mu hau mota ta Bunkure zuwa Kano, wurin da 'yan acaɓa da 'yan kamasho da masu talla ke cakuɗewa, babu abin da ke zama a inda aka bar shi jiya. A nan ne yake ɗora hannu a kafaɗata. Har yau ina jin nauyin hannun nan, ba mai dannewa ba, ba kuma sako-sako ba.

Kwamfutar ta shigo gidanmu a 2009, lokacin yana karatu a sashen ilimi na musamman na Jami'ar Bayero. Baba ya sayar da gyaɗa, Kawu ya cika, aka je titin Beirut a Kano aka sayo ta hannu, 'yar gwanjo, murfinta duk ƙarzuwa. Wani abokin karatunsa ya saka masa manhajar da ke karanta abin da ke kan allo da murya, wadda ake kira JAWS. Kuɗin ta gaske ya kai kusan dala dubu, don haka ta gwaji aka saka, wadda ke magana na minti 40 ta yi shiru, sai an kashe kwamfutar an sake kunnawa. Yaya ya tsara rayuwarsa a kan minti arba'in ɗin nan. Kafin ya kunna ya riga ya shirya a kansa abin da zai yi, kuma yana jin lokaci ya ƙarato zai adana aikinsa ba tare da an tuna masa ba.

Ranar da ya fara kunna ta a zaure, sai da mutane suka cika ƙofa. Murya ce ta Bature mai magana ta hanci, da sauri kamar ana korarta, babu wanda ya tsinci kalma ɗaya sai shi. Yatsunsa na gudu, haruffa na fitowa, idanunsa na kallon azara. Wani tsoho ya yi ta salati. Mai shagon da ya sayar da ita ya jefa maus a cikin jakar a matsayin gyara, da aka zazzage sai ga shi ya faɗo. Wani maƙwabcinmu ya ɗauka ya jujjuya, aka yi masa bayanin aikinsa, ya ce, "To wannan kuma ai aikin banza ne, makaho da waiwaye." Aka yi dariya, Yaya ma ya murmusa. Tun daga ranar ban ƙara son karin maganar nan ba, ko da yake na san ba da mugunta mutumin ya faɗa ba.

A zahiri kuwa maus don mai ido aka yi shi. A littattafai na ga ana kiransa linzami, kuma sunan ya dace, don linzami ba ya amfani sai mahayi na ganin inda doki ya dosa. Wani Ba'amurke, Douglas Engelbart, shi ya fara nuna wa duniya shi a 1968. Kafin ya yaɗu, kwamfuta rubutu ce zalla, layi bayan layi, wanda murya za ta iya bi ta karanta. Da Windows ta zo da hotuna da tagogi da maɓallan da sai an nuna su, makafin Amurka da Turai da ke cin abinci da kwamfuta hankalinsu ya tashi, suna ganin aikinsu zai suɓuce. Mutumin da ya ƙirƙiro JAWS, Ted Henter, ɗan tseren babur ne da ya rasa ganinsa a haɗarin mota a 1978. Ya fitar da manhajar a 1989, ta Windows kuma a 1995. Yaya ne ya ba ni wannan labarin, kuma yakan ambaci mutumin da irin girmamawar da ake ambaton malamin da ba a taɓa haɗuwa da shi ba.

Mafi yawan aiki ba ya buƙatar maus ko kaɗan. Da maɓallin Tab Yaya ke tsallakawa daga wannan gurbi zuwa wancan, da kibiyoyi huɗun nan na kibod yake hawa da sauka, da Enter yake shiga. Ya fi malaman makarantarmu sauri nesa ba kusa ba. Babbar matsalar ita ce modem. Ɗan abin nan mai kama da filash da ake saka wa layin waya a soka a jikin kwamfuta don a hau intanet. Namu sai an ɗaura masa doguwar waya an rataye shi a ƙusa a saman taga kafin ya kama sabis. Idan aka soka shi, sai wata taga ta buɗe mai ɗauke da koren maɓallin haɗawa. Waɗanda suka tsara tagar sun zana ta ne kamar hoto ɗaya, ba su raɗa wa maɓallin sunan da murya za ta karanta ba, Tab kuma ba ya isa gare shi. Duk ilimin da ke intanet yana bayan wannan ƙofa, mabuɗin kuma yana hannun yaro ɗan shekara goma sha uku.

Ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin hakan. A gidan da kowa ya girme ni, akwai abu ɗaya da ba ya yiwuwa sai da ni. Idan na danna, Yaya kan bar ni in zauna a gefensa, ya nemo mini sakamakon ƙwallo, ko ya buɗe shafin BBC Hausa mu saurari yadda muryar ke tauna Hausa da harshen Turanci, tana tsallake ƙ da ɗ da ɓ kamar mai tsallake kwata. Shi ya saba har yana ganewa sarai. Ni kuwa sai ya fassara mini Hausar zuwa Hausa.

Ranar Alhamis, 17 ga Yunin 2010, Yaya yana gida ya zo duba Inna da ba ta jin daɗi. Da safe ya ce mini, "Auta, yau kada ka yi nisa. Akwai takardar neman tallafin karatu da zan tura, yau ake rufewa kafin a tashi daga aiki." Na ce to. Ya kai kwamfutar wurin mai cajin waya ta cika, ya zauna yana gyara takardar. A ranar ne kuma Najeriya ke karawa da Girka a gasar cin kofin duniya ta Afirka ta Kudu, ƙarfe uku na rana. Na ce a raina bari in leƙa gidan kallo in ga farawa, in dawo. Kalu Uche ya ci, rumfar ta kaure da ihu. Can aka ba Sani Kaita jan kati, ɗan Kano, namu, wuri ya yi tsit. Na kasa tashi. Aka ci mu biyu da ɗaya, muka tsaya a waje muna ta musu har rana ta yi sanyi.

Da na shiga shagon, kwamfutar na rufe, Yaya na zaune ya jingina da bango, hannayensa a kan gwiwa. Bai ce mini komai ba. Inna ce ta gaya mini daga baya. Ya yi ta kira, babu yaro ko ɗaya a unguwar, duk suna gidan kallo, Baba na gona saboda shuka. Ita ta lallaɓo da zazzaɓinta ta zauna kusa da shi. Ya ɗora hannunta a kan maus yana ce mata, "Inna, akwai wani abu kore, ki kai farar kibiyar kansa." Ita kuwa ba ta taɓa riƙe abin ba. Ta tura, kibiyar ta ɓace mata, ta ɗaga shi sama tana nema, ta danna wani wuri wata taga ta rufe wata. Suna cikin haka batir ya mutu. Mai caji ya kulle shago ya tafi kallo.

Da daddare Baba ya ɗauko tsumagiya. Yaya ya ji motsinta, ya ce, "Baba, ku yi haƙuri ku ƙyale shi. Yaro ne. Laifin maɓallin ne da ba shi da suna." Na gwammace a ce an dake ni a daren nan.

Bayan kwana biyu ya koma Kano. Da ya dawo hutu cikin azumin shekarar, sai ga shi da wani kibod baƙi na kwamfutar tebur, mai waya, wanda ke da rukunin lambobi a gefen dama. Kwamfutarsa ba ta da wannan rukuni, ashe kuwa a nan maganin yake. Ya ce in zauna in gani.

Da farko ya nuna mini abin da JAWS kansa ke iya yi. Ashe manhajar na da manuni biyu. Ɗaya na bin inda ake rubutu, ɗayan kuma shi ne kibiyar maus ɗin kanta. Idan ya danna alamar ragewa a rukunin lambobi, sai kibiyar ta koma ƙarƙashin ikon kibod, ta riƙa bin allo kalma bayan kalma, layi bayan layi, murya na faɗin duk abin da ta taka. Alamar rabawa ita ce dannawar hagu, tauraro dannawar dama, alamar tarawa kuma ta mayar da shi inda ya baro. Da wannan ya ci galabar wurare da yawa da a da sai an kira ni. Amma a tagar modem abin bai yi ba. Kibiyar na bin rubutu ne, can kuwa babu rubutu, sai zane. Murya ta yi gum.

Wani abokinsa da ya yi karatu a Gindiri, a makarantar makafi ta farko a Najeriya da aka buɗe a 1953, shi ya faɗa masa ɗaya hanyar. A cikin Windows akwai wani tsari da ake kira MouseKeys, wanda tun asali an yi shi ne don mutanen da hannunsu ba ya iya riƙe maus. Ana tayar da shi da maɓallai uku a tare: Alt na hagu, Shift na hagu da Num Lock. Daga nan lambobi sun zama linzami. Yaya bai taɓa cewa sama ko ƙasa ba a ranar, da jihohi ya yi mini bayani, yadda Bahaushe ke kwatancen gona. Takwas arewa, biyu kudu, shida gabas, huɗu yamma. Bakwai da tara da ɗaya da uku su ne kusurwoyi. Biyar tana tsakiya, ita ce ke dannawa, kuma ya kama yatsana ya ɗora a kanta don in ji ɗan tudun da aka yi mata. Ya ce, "Ka ji? Ɗigo ɗaya. Ita kaɗai ce aka rubuta da rubutunmu." Daɗin abin, idan Num Lock na kunne lambobin na maus ne, idan ya kashe sai su koma na murya, maɓalli ɗaya ke raba su.

To amma kibiya na tafiya, shi ba ya ganin inda take. A nan ne ya yi abin da yake yi a titunan Tarai tun yana yaro. Ya ce allo ai yana da bango. Idan ka danne bakwai ka ƙi saki, kibiyar za ta yi ta tafiya har ta maƙale a kusurwar arewa maso yamma, ba ta da inda za ta ƙara. Wannan ce ƙofar gida. Daga nan sai ƙirgen taku. Danna ɗaya ɗigo ɗaya take matsawa, wanda ido ma da ƙyar yake gani, amma ya saita ta yadda idan ya haɗa da Ctrl sai ta yi tsalle mai faɗi, kuma tsallen iri ɗaya ne kullum. Tagar modem kuwa a wuri ɗaya take buɗewa kowane lokaci.

Daren da muka yi awon ba zai fita daga raina ba. Bayan asham ne, marka ta sauka, ruwa na ɗiga daga indararo, fitilar ƙwai na ci a gefe domin ni kaɗai. Ya kai kibiyar kusurwa. Ya fara tsalle gabas yana ƙirgawa a fili, ni kuma hancina kusan a jikin gilashi. "Ƙara. Ƙara. Ka wuce, Yaya, koma ɗaya." Sannan kudu. Muka yi sau uku don a tabbata. Ya jawo wani kwalin sukari da ya yanke, ya saka a allonsa, ya huda lambobin. Sai ya ce, "Yanzu ka zauna a kan hannayenka. Ko na ɓata kada ka yi magana."

Na zauna a kan hannayena. Maus na can gefe, wayarsa a naɗe, babu mai taɓa shi. Na ga kibiyar ta zarce kusurwa ta tsaya. Ta fara tsalle ita kaɗai a kan shuɗin allo, ɗaya, biyu, uku, leɓensa na motsi. Ta tsaya, ta juya kudu. Numfashina ya tsaya tare da ita. Ta sauka a tsakiyar koren maɓallin daidai, kamar an ajiye ta da hannu. Yatsansa ya lalubi ɗan tudun nan na biyar ya danna. Fitilar modem da ke ƙyaftawa a saman taga ta tsaya cak, alamar ya haɗu. Ni na ga fitilar, shi bai gani ba, kuma na riƙe bakina kamar yadda ya ce. Ya kashe Num Lock, ya buɗe intanet, muryar ta fara karanto shafi. Sai ya sauke abin sauraron, ya ce, "Alhamdu lillahi," a hankali, sau ɗaya.

Na yi murna har na fita da gudu cikin ruwa na gaya wa Inna. Amma da na kwanta, wani abu ya tokare mini ƙirji wanda ban san sunansa ba a lokacin. Washegari na yi ta kasa kunne. Aka sha ruwa, aka yi asham, na ji muryar Baturen na tashi daga shago, ba a kira ni ba.

Wajen 2012 ya zo da wata manhajar a cikin filash, NVDA. Wasu matasa biyu makafi 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, su suka gina ta, an fara aikin a 2006, kuma kyauta suka bayar ga duk mai so. Babu sauran minti arba'in. Yana iya soka filash ɗin a kowace kwamfuta a shagon intanet ta fara magana. Ita ma tana da nata dabarun: ya bi abubuwan da ke cikin taga ɗaya bayan ɗaya kamar mai shiga ɗaki daga ɗaki, idan ya isa wanda yake so ya danna Insert da alamar rabawa, kibiyar ta yi tsalle ta same shi a can, sannan ya danna. Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙarar da take yi. Akwai wani saiti da idan aka kunna, duk motsin maus sai ya ba da ɗan sauti. Idan kibiya ta yi sama sautin ya sirance, idan ta yi ƙasa ya yi kauri, idan ta yi dama a ji shi a kunnen dama, idan ta yi hagu a kunnen hagu. Duk abin da ta hau kuma murya ta faɗi sunansa.

A ranar ne Yaya ya ce in miƙo masa maus ɗin nan na gyara. Ya saka abin sauraro a kunne biyu, abin da ba ya yi, ya riƙe shi ya fara zagaya allo a hankali kamar mai share tsakar gida. Ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya kai kusurwar kudu maso gabas, murya ta faɗi lokaci. Ya tsaya. Ya ce, "Auta, ashe agogo a nan yake zaune?" Shekara uku yana tambayar kwamfutar lokaci da Insert da F12 tana ba shi amsa, bai taɓa sanin agogon na da mazauni ba. Ya koma kudu maso yamma ya tarar da maɓallin farawa, ya hau arewa maso gabas ya tarar da na rufe taga. Ya yi ta zagayawa har batir ya yi kuka. Bai koma aiki da maus ba bayan wannan, kibod ya fi masa sauri, amma daga ranar idan mai ido ya ce masa abu na sama ta dama, ya san inda ake nufi.

Yanzu da na girma nake aiki da kwamfuta kullum, maganar da ya gaya wa Baba ce ke dawo mini. Raɗa wa maɓalli suna ba ya cin kuɗi, ba ya cin lokaci, kalma ɗaya ce mai tsara manhaja zai rubuta a inda ido ba ya gani. Rashin kalmar nan ɗaya ya sa mutum mai karatun jami'a ya zauna jiran yaro, ya sa tsohuwa mai zazzaɓi ta yi ta laluben kibiya. Ina jinjina wa dabarar Yaya, amma bai kamata a ce sai da ita ba. An samu ci gaba, ban musa ba. Da JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, daga baya a 2017 ta kafa kwamiti na musamman da ke shirya wa makafi tasu. A Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu nakasa. Wayoyin shafa sun zo da muryarsu a ciki, VoiceOver da TalkBack, yatsa ya zama shi ne kibiya, inda ka taɓa a faɗa maka abin da ke wurin. Duk da haka, har gobe akwai shafukan neman aiki da na biyan kuɗi, namu na gida, da Yaya ke shiga murya ta ce masa "maɓalli" kawai ta yi shiru, ba ta san na mene ne ba. A irin wannan ranar yakan kira ni a waya, yanzu da bidiyo, ya juya kyamara ga allo. Ba ya cewa in danna masa. Cewa yake, "Auta, faɗa mini inda yake," ya kai kibiyarsa da kansa.

Yaya malami ne yanzu, yana koyar da yara makafi kwamfuta, kuma an ce mini darasinsa na farko kullum shi ne ɗora yatsan yaro a kan biyar. Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Shagon jikin zaure ya zama wurin ajiye buhunan masara.

Da babbar sallar bara muka haɗu a gida. Inna ta sa ni fitar da tarkacen shagon don za a yi yaɓe. A bayan wani buhu na tarar da baƙin kibod ɗin, ƙura ta cika shi, wayarsa ɓera ya ci. Haruffan duk suna nan raɗau, don bai daɗe yana rubutu da shi ba, amma a rukunin lambobi bakwai da shida da biyu sun goge sun yi sulɓi, biyar kuwa har ta ɗan lotsa. A ƙarƙashinsa, manne da tsohon salatif, ga kwalin sukarin nan. Shekara da shekaru ina zaune kusa da mai rubutun, ban koyi karanta shi ba. Na kai masa a zaure inda yake shan shayi, na saka masa a hannu ban ce komai ba.

Ya shafa gefen kwalin, ya juya shi daidai, yatsansa ya bi ɗigogin da suka fara kwanciya. Ya ce, "Kusurwa. Gabas goma sha huɗu. Kudu tara. Biyar." Ya ɗan yi shiru. Sannan ya saka kwalin a aljihun gaban rigarsa, ya matsa gefe a kan tabarma, ya ce, "Zauna mana, Autan Bawo, shayin zai huce."